Sunan Ƙauyenmu a Rumbun Kwamfuta

Abin ya faru ne damina ta uku bayan mun baro gida, shekara guda bayan an maido mana da layin waya da aka yanke, shekarar da tsutsa ta shiga masara har mutanen Kuyello suka sake shuka. Lambar shekarar ban san ta ba. Na dai san a watan ne haƙorina na ƙarshe na sama ya fita, kuma surukata, wadda take rubuta abin da nake faɗa yanzu, tana ɗauke da cikin autarta, wadda ga ta can tana bin kaji a tsakar gida.

A Birnin Gwari muke zaune, ɗaki biyu a bayan kasuwa, ni da ɗana da iyalinsa. Ƙauyenmu yana can bakin daji, bayan Kakangi, tafiyar hantsi ga mai lafiyar ƙafa. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, don waɗanda suka kore mu ba su ƙare ba, takarda kuwa ba a san hannun da za ta faɗa ba. Amma yana da suna, tsohon suna. A can aka kai ni aure, a can na haifi duk wanda na haifa, a can mijina yake kwance a gindin ɗorawa. Ɗorawoyin nan kuwa su suka sa aka san ni. Daga Kakangi har kasuwar Birni, idan aka ce daddawar ƙauyenmu, tawa ake nufi, ko da wata ce ta kawo.

Mai unguwa ya bi gida gida ya ce wasu mutane sun zo daga Kaduna, za su rubuta manoman da suka gudo. Kowa da sunansa da ƙauyensa, a ba shi kati. Ya ce da wannan rubutu za a san ƙauyukan da ke da masu su, in hanya ta yi kyau a gyara musu rijiya, a raka su su koma. Ƙauyen da ba a rubuta kowa a kansa ba, za a ɗauka ya mutu. Haka ya faɗa, ya wuce gida na gaba.

Maza aka fara yi. Ranar mata na yi sammako, na ɗaura zanen da na fito da shi daga gida, na tafi firamare. Na tarar da layi har bakin famfo. Da na tsaya, sai na ji murya a bayana.

"Mai daddawa, ashe ba ki mutu ba."

Ko ban juya ba na san ta. Tsohuwa ce daga ƙauyen da ke ƙetaren rafinmu, Bagwariya, mai zuwa coci, mai ginin tukwane. Shekara da shekaru a tukunyarta nake dafa kalwa, ita kuma da daddawata take miya, kuma ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi tsiya ba. Mutanensu da namu suna da tsohuwar jayayya a kan fadamar da ke tsakani, tun kafin a haife mu.

Na ce, "Ina jira in ga taki tukuna, Mai tukwane."

Ta ce, "To ki matsa gaba, warinki ya ishe ni."

Rana ta ɗaga sosai kafin layi ya kai ni cikin ajin. Mace ce a zaune a bayan tebur, sa'ar surukata, da tabarau, ana ce mata Malama. A gabanta ga kwamfuta, irin wadda ake buɗewa kamar akwati, da wani ɗan gilashi mai jan haske na ɗora babban yatsa. A waje janareta yana ta tari. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi sunana ta danna. Ta tambayi ƙauye na faɗa. Ta sa yatsa tana ja, tana dubawa, ta koma sama, ta sake saukowa.

"Inna, babu shi."

"Babu shi a ina?"

"A nan ciki."

"Ai dama ba nan yake ba, 'yata. Yana can bayan Kakangi."

Ta yi murmushi ta ce ta sani, amma ita ba ta da ikon rubuta ƙauye da hannunta. Sunaye ne kwamfutar take jero mata, sai dai ta zaɓa a ciki. Ta ce mazan ƙauyenmu da suka zo shekaranjiya duk an rubuta su a ƙauyen ƙetaren rafi, tunda shi ya fi kusa, kuma ba wanda ya yi gardama.

Mai tukwane ta leƙo ta kafaɗata. "Rubuta ta a namu, Malama, mun karɓe ta. Za mu ba ta tsintsiya ta dinga share mana dandali."

Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba. Kaina ya tsaya a kan maganar maza. Ɗana yana cikinsu, ya dawo da katinsa ya sa a aljihu bai ce mini komai ba.

Na ce wa Malama, "Ita wannan kwamfutar, wa ya gaya mata sunayen? Ta taɓa zuwa wajenmu?"

Ta ce a'a. Ta ce akwai wurin ajiya a cikinta, kamar rumbu. A cikin rumbun akwai rubutu da suke kira fayil. Duk sanda aka tashe ta da safe, kafin ta yi komai, sai ta je ta karanta fayil ɗin, shi zai gaya mata a wace ƙaramar hukuma take, me za ta tambayi mutane, waɗanne ƙauyuka za ta jero. Abin da ta karanta, shi ta sani.

Rumbu dai na san shi. Na ce to a buɗe rumbun mu gani.

Ta dubi layi, ta dube ni. Ta ce in zauna a benci har a tashi sallar azahar. Na zauna. Mai tukwane ta ce ita ma ba za ta yi nata ba sai ta ga ƙarshen wannan kallo, ta zauna kusa da ni tana tauna goro da dasashi.

Da aka watse don sallah Malama ta kira ni. Ta danna nan ta danna can, fuskar kwamfutar ta cika da rubutu ƙanana kamar tururuwa sun yi jerin gwano. Ta bi da yatsa tana karantawa a hankali. Na ji ƙauyukan da na sani suna wucewa, na wajen Kuyello, na bakin dajin Kamuku, wasu ma na ɗauka sun daɗe da tashi. Sai ta tsaya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta faɗi sunan ƙauyenmu, daidai, yadda muke faɗinsa.

"Ga shi nan," in ji ta.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Sai ki rubuta ni."

Ta koma wancan wurin na zaɓa, ta ja, ta duba. "Babu shi."

"Yanzu kika ce ga shi."

"Yana cikin fayil ɗin, Inna. A nan ne babu shi."

"Ba ke kika ce fayil ɗin take karantawa ba?"

"Shi take karantawa."

"To ta karanta ta tsallake mu ke nan?"

Ta ce ba ta tsallake, ba ta iya tsallakewa ba ma. Na ce to ta manta. Ta ce ba ta mantuwa. Na ce to ƙin mu take yi. Ta ce ba ta san ƙi ba. Mai tukwane ta ce, "Warin ta ji." Malama ta dafe goshi ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, in dawo gobe, za ta tambayi wanda ya shirya musu na'urar.

Na fito ina tafe ina juya maganar. Hatsi yana cikin rumbu, an leƙa an gan shi, an sa ƙwarya an ɗebo babu. A wajenmu in haka ta faru an san wanda ake nema ya zo ya yi addu'a. Amma Malama ba ta yi kama da mai jin tsoro ba, ta fi kama da wadda allura ta ɓace mata a cikin zane.

Da yamma na tare ɗana yana wanke babur. Na ce ya ba ni katinsa. Na miƙa wa surukata ta karanta. Ta karanta sunansa, sannan ta karanta ƙauyen ƙetaren rafi.

Ya ce, "Inna, kati dai kati ne. Layi ya yi tsawo, ga mutane suna jira in kai su tasha."

Na ce, "Ubanka fa? Shi ma a ƙetaren rafi yake kwance?"

Ya ci gaba da wanke tayar da ta riga ta fita.

Washegari na tarar babu ƙarar janareta. Wai ya ƙi tashi, an tafi neman mai gyara. Kwamfutar tana aiki da wutar da ta sha jiya. Layi ya fi na jiya, don ranar ƙarshe ce, kuma matan ƙauyukan nesa sun iso a kan babura, uku uku, wasu da goyo. Mai tukwane ta riga ni, ta riƙe mini wuri a gabanta.

"Ba don Allah na riƙe miki ba," in ji ta. "Kallo nake so."

Da na isa tebur Malama ta tare ni da fara'a. Ta ce ta samu mutumin a waya, sai da ta hau barandar hedimasta kafin magana ta shiga. Ashe fayil biyu ne. Akwai babba, wanda ya zo tun daga Kaduna, da duk ƙauyukan ƙasar nan a ciki, shi muka gani jiya. Akwai kuma ƙarami a wani lungu na rumbun, wanda abokin aikinta ya rubuta da suka iso Birni, don a rage tsawon jerin, kada a ɓata lokaci wajen nema. Kwamfutar takan karanta babban, sannan ta karanta ƙaramin, kuma abin da ƙaramin ya ce shi take bi.

Na ce, "Ƙaramin?"

"Shi take karantawa a ƙarshe."

"Babba ya yi magana, ƙarami ya zo ya soke, kuma a bi ƙarami?"

"Ita ba ta san babba da ƙarami ba, Inna. Wanda ya zo daga baya ta sani."

Na ce wannan ba a gidan mutunci aka raine ta ba. Na tambaya shi mai rubuta ƙaramin, ina ya samo nasa sunayen. Malama ta ɗan sunkuyar da kai. Ta ce tasha ya je ya tambayi direbobi da 'yan acaba ƙauyukan da ake zuwa. Wanda suka ce ba a zuwa, ya bar shi.

An zo rubuta waɗanda suka gudo daga inda ba a zuwa, kuma an tambayi inda ake zuwa. Ƙila ma ɗana yana tashar a ranar.

Ta ce kada in damu, ɗazu da ta samu sarari ta ƙara sunan a cikin ƙaramin da hannunta. Ta nuna mini, kamar zan gane. Sannan ta koma wurin zaɓa, ta ja da yatsa, fara'ar ta fara gushewa.

Na ce, "Babu shi."

Ta ce, "Babu shi."

Yanzu yana cikin babba, yana cikin ƙarami, kuma babu shi. A karon farko na fara tunanin ko ni ce na ruɗe, ko ƙauyen ya tashi ne da gaske tun ranar da muka juya masa baya, kowa ya sani ban da ni.

Malama ta kalli bango. Can ta buga tafin hannunta a kan tebur a hankali. Ta ce ta gane. Tun da safe ta tayar da kwamfutar, kafin ta ƙara sunan. Ita kuwa sau ɗaya take zuwa rumbu, lokacin tashi. Duk abin da aka zuba bayan nan ba ta san da shi ba sai an kashe ta an sake tayarwa.

Wannan kam na ɗan kama bakinsa. Mijina haka yake. In zai tafi gona, abin da aka gaya masa a bakin ƙofa shi ke nan, ko za ki bi shi da kira har rafi ba zai juyo ba.

Na ce, "To kashe ta."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba. Maganar ta bi layi har waje. Kowace mace a wurin ta san abu ɗaya game da ma'aikata: in suka rufe na'ura, an tashi ke nan. Mun gani a asibiti, mun gani wajen katin zaɓe. Ba a taɓa kashe na'ura a gabanmu aka sake kunnawa ba. Nan take ajin ya cika.

Wata mai goyo ta ce tun asuba suka baro Kuyello, a kan wace hanya ma, kuma don tsohuwa ɗaya za a rufe. Wata ta ce, "Iya, ki ji tsoron Allah, ki karɓi abin da aka ba maza." Wata Bafulatana doguwa ta zo ta tsaya a jikin tebur ta ɗora hannu kusa da kwamfutar kamar mai gadin ƙwarya.

Malama ta ɗaga hannu ta ce su saurara, za ta faɗi gaskiya. Ba rufewa za ta yi ba. Amma na'urar tsohuwa ce, tana daɗewa kafin ta tashi, kuma tashin yana shan wuta. Wutar da ta rage kaɗan ce. In aka bar ta haka, za ta iya ɗaukar mutane da dama kafin ta mutu. In aka kashe aka tayar, ba ta san nawa za ta ɗauka ba. Ta ce ba za ta yanke ita kaɗai ba.

Duk suka juyo suna kallona. Na dubi mai goyon, ƙurar hanya har cikin girarta. Na san gaskiyarta. Na kuma san in na ce a bari, babu wanda ya rage da zai faɗi sunan nan a gaban tebur. Na tsaya riƙe da bakin zanena, ban ce a kashe ba, ban ce a bari ba.

Mai tukwane ce ta ture ni gefe ta matso.

"Malama, bayan wannan tsohuwar wa ke bi?"

"Ke ce, Mama."

"To ni na koma ƙarshen layi, bayan kowa. Ki ba mai goyon nan wurina. Kashe abin."

Mai goyon ta ce wuri ɗaya ai ba zai ishi kowa ba. Mai tukwane ta ce ta sani, amma shi ne da ita. Sannan ta juya ga matan ƙauyensu, ta yi musu magana da Gwaranci, gajeruwa, mai kaifi. Ina jin yaren, na zauna da su shekara da shekaru. Cewa ta yi, in aka shafe na ƙetare yau saboda mota ba ta zuwa, su tuna yaushe rabon da mota ta je nasu. Su biyar ne ko shida, suka fita daga layi ɗaya bayan ɗaya suka koma baya. Da ta juyo gare ni sai ta ce da Hausa, "Kada ki ɗauka don ke ne. In aka zuba ku a cikinmu, da wa za mu yi faɗan fadama?"

Bafulatanar ta janye hannunta. Malama ta danna, fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Ta sake dannawa. Wani ɗan haske ya fito yana juyawa, yana juyawa. Na tambaya a hankali ko yanzu tana rumbun ne. Malama ta ce tukuna, yanzu take buɗe ido. Muka jira. Jaririn mai goyo ya yi kuka aka ba shi nono. Na karanta duk abin da na iya a zuciyata, na ji Mai tukwane ita ma bakinta yana motsi da nata. Can Malama ta ce, "Yanzu take karantawa." Na ce babban ko ƙaramin. Ta ce ai har ta gama duka biyun. Ban ga ta je ko'ina ba.

Ta ja da yatsa. Ta tsaya. Ta faɗi sunan.

Na ɗora babban yatsana a kan jan gilashin, sau uku, don wankin kalwa ya cinye zanen yatsan. Aka ɗauki hotona. Aka ba ni kati. Ban tsaya godiya mai tsawo ba, na matsa don mai goyon ta shiga.

Kwamfutar ta ɗauki matan Kuyello, ta ɗauki Bafulatanar da 'yan uwanta, ta mutu ana kiran la'asar. Mai gyaran janareta bai zo ba. Mai tukwane da matan ƙauyensu da wasu da dama ba su samu ba. Mai tukwane ta bi ni har bakin kasuwa tana zagina, ni kuma na ƙyale ta, abin da ban taɓa yi ba, har ta tsaya ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Sai bayan sati uku mutanen Kadunan suka dawo suka ƙarasa. Sati ukun nan kullum sai na aika mata da daddawa, kullum sai ta aiko a gaya mini ta yi gishiri.

Katin na kai wa surukata ta karanta, na kai wa mai kemis ya karanta, na kai wa limamin unguwa. Duk suna ɗaya suka faɗa. Da mutanen suka dawo na tasa ɗana gaba, da mazan ƙauyenmu huɗu da na iya samu, aka sauya musu. Na tambayi Malama ko sunan zai zauna. Ta ce a wannan na'urar zai zauna, muddin ba a sake rubuta ƙaramin ba. Na ce wa zai hana a sake. Ta ce ta gaya wa abokan aikinta. Har yau ban gane yadda abu zai kasance a ciki kuma babu shi ba, kuma na daina tambaya, don duk wanda na tambaya sai ya fara mini daga rumbu.

Bayan kaka aka tara masu unguwanni a ƙofar hakimi aka karanta ƙauyukan da aka samu masu su. Ban je ba, ba wurin mata ba ne. Ɗana ya je. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofata ya ce an kira namu, tsakanin na ƙetaren rafi da wani na wajen Kamuku. Na ce ya faɗa mini yadda mai karatun ya faɗe shi. Ya faɗa. Na ce ya sake.

Ba mu koma ba tukuna. Bara maza sun je da rana sun dawo, sun ce rufin ɗakuna ya zube amma ɗorawoyin suna nan, har sun yi 'ya'ya ba mai tsinka.

Cikin waɗanda na ambata, mai unguwar da ya yi shela ya rasu, Allah ya jiƙansa, haka biyu daga matan da suka koma bayan layi. Malama an ce an mayar da ita wani gari, ban sake ganinta ba. Mai goyon nakan gan ta ranar kasuwa tana sayar da dawa, yaron ya yi wayo, takan gaishe ni ba ta sakin fuska sosai. Mai tukwane tana nan, ido ɗaya ya tafi, baki bai tafi ba. Sai ni, da katin a cikin gwangwanin da nake ajiye allura.